Kurakuran da ake yi idan gashin ɓeran Masar ya fara zuba

Ɓeran Masar ɗin da ya wayi gari da sanƙo a gadon baya, sau da yawa ba ciwon fatar ne ke kashe shi ba, maganin da mai shi ya yi gaggawar ɗura masa ne. Akasarin masu kiwonsa sun saba da akuya da kaji da zomo, sai su ɗauko dabarar can su kawo nan. Wannan dabba kuwa, wadda asalinta tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, cikinta da fatarta ba sa ɗaukar abin da akuya ke ɗauka.

Kuskure mafi muni shi ne a ga ƙuraje ko gyambo a ruga kemis a sayo kafso. Amoksisilin, ampisilin, ampiclox da duk dangin fenisilin guba ne ga ɓeran Masar, haka ma eritromaisin da linkomaisin. Hanjinsa cike yake da ƙwayoyin halitta masu narka masa ciyawa. Waɗannan magunguna suna kashe su, sai masu sa cuta su samu fili, zawo ya ɓarke, dabba ta daina ci, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Ko wurin likitan dabbobi kuka je, ku tambayi sunan abin da zai ba shi, don ba kowane likita ne ya saba da wannan dabba ba.

Sai shafe-shafe. Baƙin mai, kalanzir, fiya-fiya, maganin wankan shanu, duk an gwada su a kan kircin awaki, ana kuma kawo su nan. Dabbar da duka-duka nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya ba, wadda kuma ke lasar jikinta kullum, duk abin da aka shafa mata cikinta zai koma.

Gyaran shi ne a tsaya a duba kafin a taɓa magani. A ina gashin ya zube, kuma yana susa ko ba ya yi?

Idan yana susa kamar zai yaga fatarsa, yana ƙara in an taɓa shi, wuya da kafaɗu da baya sun yi ɓawo da sagewa, to mafi yawa kirci ne. Wani ɗan ƙwaro ne mai suna Trixacarus caviae da ke haƙa rami a cikin fata, ido ba ya ganinsa. Nan ne mutane ke ruɗewa: a buɗe gashi a duba, ba a ga komai yana motsi ba, sai a ce ai ba ƙwari ba ne. Ƙaiƙayin yakan tsananta har dabbar ta faɗi tana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Wanka da sabulu ba ya kai wa ga ƙwaron da ke ƙarƙashin fata, azaba kawai yake ƙarawa. Maganinsa ivermectin ne, amma likita ne zai auna shi daidai da nauyin dabbar, domin wanda ke kasuwa don shanu aka haɗa shi, ɗigo ɗaya ya wuce sai a samu matsala. Ba kuma sau ɗaya ake yi ba. Maganin ba ya kashe ƙwai, dole a maimaita bayan mako ɗaya zuwa biyu, sau biyu ko uku. Da yawa suna ganin susa ta lafa sai su bari, bayan wata guda abu ya dawo. A yi wa duk waɗanda ke keji ɗaya, har masu kama da lafiyayyu, a zubar da shimfiɗarsu a wanke kejin.

Kwarkwata ita ana ganinta, 'yan farare masu motsi a gindin gashi, musamman wajen kunne. Ba ta kama mutum, kuma ba ta kai kirci wahala ba.

Idan kuwa sanƙon zagayayye ne, da farin ɓawo, ya fara daga hanci ko gefen ido ko kunne, musamman a jikin ƙanana, ku yi zaton makero. Wannan yana kama mutane, kuma yara ne suka fi rungumar dabbar a wuya. A ware mai ciwon, a wanke hannu bayan an taɓa shi. Man shafawar nan mai haɗi uku da ake saya don ƙuraje yana ɗauke da sitiroyid: jan zai kwanta kwana biyu, makeron kuma ya ƙara yaɗuwa. Wanda ya dace shi ne maganin makero zalla irin clotrimazole, ko na sha da likita zai rubuta, kuma makonni ake yi ana ba shi.

Akwai kuskuren da ke ƙarƙashin duk waɗannan, wato abinci. Ɓeran Masar, kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa. Akuya da zomo suna yi, shi ya sa abincin zomo ko dusa da ɓawon dankali ba sa isar sa. Rashinsa na sa gashi ya yi kaushi, ciwo ya ƙi warkewa, gaɓoɓi su kumbura, dasashi ya yi jini. Zuba bitamin a ruwan sha ba dabara ba ce, haske da zafi suna lalata shi da wuri, ɗanɗanon kuma kan sa dabbar ta rage shan ruwa. Ɗan yankin tattasai kullum, mara yaji, da ɗan yankin gwaiba jefi-jefi, da ɗanyen ganye mai tsabta sun fi. Ciyawa kuma kada ta yanke a kejin, don wanda ba shi da abin tauna yakan koma cin gashin ɗan'uwansa. Za ku gane wannan in gashin a gutsure yake, fatar ƙasa lafiya lau.

Ba kowane sanƙo ne cuta ba. Bayan kowane kunne akwai ɗan fili mara gashi, haka Allah ya halicce su. Mace mai tsohon ciki ko mai shayarwa gashinta kan yi shara-shara, ya dawo da kansa. Amma macen da ta manyanta, ba ciki, gashin kwiɓinta biyu ya zube daidai wa daida ba tare da susa ba, galibi ƙari ne mai ruwa a ma'ajiyar ƙwanta, kuma babu man shafawar da zai taɓa shi. Wannan sai asibitin dabbobi.

Kejin zomo mai ƙasan waya ma yana da nasa laifin. Tafin ƙafar ɓeran Masar ba shi da gashi, waya na cin sa har ya kumbura ya yi gyambo. A shimfiɗa katako ko tabarma, a zuba busasshiyar ciyawa a kai, a canza ta da zarar ta jiƙe da fitsari. A watannin Maris da Afrilu kuma a janye kejin daga ƙarƙashin kwano zuwa inuwa mai iska, domin da zafi ya haura digiri 27 dabbar ta fara galabaita.