Yadda Matuƙin Ƙaramin Jirgi Zai Sauka Idan Inji Ya Mutu da Dare

Idan injin ƙaramin jirgin sama ya mutu cikin dare, abin da ya fara wajaba a kan matuƙi shi ne ya saita hancin jirgin a gudun da zai kai shi mafi nisa ba tare da inji ba, domin jirgin da gudunsa ya yi ƙasa fiye da kima faɗowa yake yi. A ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172S wannan gudu not 68 ne (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), kuma kowace ƙafa 1,000 ta tsayi tana ba shi tafiyar kusan mil ɗaya da rabi.

Daga nan sai ya juya zuwa filin jirgi mafi kusa, ya duba makunnin mai da maganeto (na'urar da ke ba fulogin inji wuta), ya gwada tayar da injin. Idan ya ƙi tashi, ya sanya lamba 7700, wato alamar gaggawa, a na'urar tiransifonda wadda ke nuna wa masu kula da zirga-zirgar jiragen sama inda jirgin yake, ya kira "Mayday", wato kalmar neman agajin gaggawa, sau uku ta rediyo a mita 121.5.

Zaɓen wurin sauka shi ne mafi wuya, don duhu yana iya ɓoye gona, yana kuma iya ɓoye dutse ko tafki. A ganina ya fi dacewa ya nufi fili mai duhu da ke kusa da hanya ko gari, inda taimako zai iso da wuri, ya guji titi mai fitilu saboda wayoyin lantarki da ba a ganinsu sai an zo dab da su.

Kafin taɓa ƙasa ya fuskanci iska, ya rufe mai, ya ɗaure bel tamau, ya sassauta ƙofa kada ta maƙale, amma ya bar batir a kunne saboda fitilar sauka. Da jirgin ya tsaya, ya kashe komai, kowa ya fita ya yi nesa da shi.