Yadda na saita sabuwar kafireta a tsohon Hondan Baba

Mashin ɗin da nake magana a kai Honda CG125 ne. Baba ya saye shi tun zamanin mulkin Shagari, da shi ya yi ta zuwa aiki har ya yi ritaya, bayan rasuwarsa kuma 'yan'uwa kowa ya noƙe, sai ya faɗo hannuna. A 1975 Honda ta fara fitar da wannan samfuri, kuma da gangan ta ƙera shi don ƙasashe irin namu, inda ba kowa ke juye baƙin mai a kan kari ba. Shi ya sa har yau injin na nan da ransa. Kafireta ce ta gaji. Fistin ɗinta ya sile har yana kaɗawa cikin raminsa, iska na kutsawa ta gefe, silo, wato bugun inji in ba a murɗa totur ba, ya ƙi zama wuri ɗaya. In na tsaya a mahaɗar hanya, ko dai ya mutu ko ya yi ta ihu, 'yan kabu-kabu na kallona.

Ta asali, wato Keihin ta Japan, ba a samunta sabuwa a kasuwa yadda ake so. Abin da ke cike da shaguna su ne na Sin masu lamba PZ26 da PZ27 da PZ30, waɗanda aka kwaikwayo daga ita Keihin ɗin. Ba su da laifi, sai dai ba wanda ya saita su don mashin ɗinka. A nan na fara yin kuskure. Mai shago ya ce mini babba ta fi gudu, na ɗauko PZ30 na ɗaura. Da na murɗa totur sai mashin ya yi "bo", ya shaƙe, sai daga baya ya farfaɗo. Na tura shi wajen wani dattijon bakanike da ya daɗe yana yi wa Baba gyara. Ya leƙa, ya ɗago ya dube ni.

"Kai yaro, wa yab ba ka wagga?"

"Baba, mai shago yac ce ta hi gudu."

"Awo, ta hi gudu. Zuwa gidan mai."

Bayanin da ya yi mini shi ne: iskar da inji ke zuƙa ita ke jawo fetur daga kwanon kafireta, kuma sai tana gudu take iya jawo shi. Ƙaramin inji da faffaɗan maƙogwaro, iskar tafiyar hawainiya take yi, ba ta ɗauko man da kyau. PZ30 ta masu inji mai girman cc 200 ce zuwa sama. Mai 125, PZ26 ce tasa. Na koma na sayo ta, waccan kuma tana nan cikin kwali har yau.

Kafin ka taɓa ko sukuru ɗaya na kafireta, ka tabbata sauran injin lafiya yake, domin da yawa daga cikin laifin da ake ɗora mata ba nata ba ne. Saita bawul inji na sanyi. A CG125 tazarar 0.08 na milimita ce, na shiga da na fita duka. Sa sabon fulogi, ni NGK D8EA nake sawa, tazarar bakinsa tsakanin 0.6 da 0.7 na milimita. Juye tanki ka ɗauraye, don tankin da ya shekara arba'in ba ya rasa tsatsa, sannan ka sa 'yar matatar mai a kan tiyo. Man galan na bakin titi kuwa, ranar saiti ka haƙura da shi.

Sai iyakilina, wato matatar iska. Ta wannan mashin soso ce: a wanke da kananzir, a matse, a bari ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a sake matsewa. Kada ka yi saiti babu ita a jiki. Na sha ganin yara a gareji sun cire ta, sun saita mashin yana kuka ras, suna mayar da ita komai ya rushe. A garin da hunturu ke cika mana hanci da ƙura, wanda ya yi yawo ba iyakilina fistin ɗin inji da zobensa yake niƙawa.

Ita ma sabuwar kafiretar, kwance ta kafin ka ɗaura. Tawa da na buɗe kwanon a kan tsohuwar jarida, sai ga ɓurɓushin ƙarfe kamar garin tama a gindinsa, ragowar aikin masana'anta. Cire jet biyun, wato 'yan sukurori masu rami da mai ke bi ta ciki, babba da ƙaramin na silo, ka ɗaga su ga rana ka ga haske ya ratsa. In sun toshe, hura su za ka yi. Kada ka zura musu wayar kebur. Tagulla ce, laushi gare ta, ramin kuma bai wuce milimita ɗaya ba a babban, ƙaramin ko rabin haka bai kai ba. Sau biyu ka soka waya ka mayar da shi wata lamba. Ka kuma adana jet ɗin tsohuwar kafiretarka. In haƙoransu sun hau sabuwar, su na fi amincewa da su, domin lambar da ke jikin jet ɗin kwaikwayo ba kullum take faɗin gaskiya ba. A tsarin Keihin lambar na bin faɗin ramin ne, 100 na nufin kusan milimita ɗaya. Na Mikuni masu kusurwa shida kuwa da yawan man da ke wucewa ake ba su lamba, saboda haka kada ka gwama lambobin biyu.

Da ka ɗaura, abin farko shi ne tsayin mai a kwano. Samu siririn tiyo mai garai-garai, irin na ƙarin ruwa, ka cusa a bakin magudanar da ke ƙasan kwanon, ka lanƙwaso shi sama a jikin kafiretar, ka sassauta sukurun magudanar, mashin na tsaye a kan tsayuwar tsakiya. Man zai hau tiyon ya tsaya daidai inda ya tsaya a ciki. Ana so ya tsaya kaɗan ƙasa da inda kwano ya haɗu da jiki. In ya haura, mashin zai riƙa shan mai da zubarwa. In ya yi ƙasa sosai, zai riƙa yankewa a doguwar tafiya. Ana gyara shi da lanƙwasa ɗan harshen ƙarfen da ke jikin fulot, abin nan da ke yawo a kan mai cikin kwano, kaɗan-kaɗan. Duk saitin da aka yi kafin wannan, aikin banza ne.

Tayar da inji, ka zagaya unguwa kamar minti goma ya yi zafi sosai, ba a ja cok ba. Yana silo, fesa ɗan man wanke kafireta a mahaɗarta da inji. In kukan ya canza, iska na shiga ta nan, sai ka sake gasket ko robar. Ka yi hattara, abin na kama wuta, kada ka yi kusa da mai shayi.

Yanzu ɗauki alli ko farin fenti ka yi alama a hannun totur: rufe, kwata, rabi, kwata uku, ƙarshe. Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mini amfani, domin kafireta ba ta san gudun da kake yi ba, iya buɗin totur ta sani. Daga rufe zuwa kwata, ƙaramin jet da sukurunsa ke aiki. Daga kwata zuwa kwata uku, allurar da ke jikin fistin ɗin kafireta ce. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. In mashin ya yi gardama, dubi allin, zai gaya maka wanda za ka tuhuma.

Sukuru biyu ne a waje. Mai sifirin a gefe, wanda ke tokare fistin ɗin kafireta, na ɗaga silo ne kawai. Ɗayan shi ne na gaurayar mai da iska, kuma a kansa mutane ke rikicewa. In yana ɓangaren iyakilina, na iska ne: ka kwance, iska ta ƙaru. In yana ɓangaren inji, kamar yadda yake a ƙasan PZ26, na mai ne: ka kwance, mai ya ƙaru. Ɗaure shi a hankali har ya taɓa, ban ce ka danne ba, don tsininsa kamar na allura yake, yana karyewa a ciki. Kwance zagaye ɗaya da rabi. Ɗaga silo kaɗan, sannan ka riƙa juya shi kwata-kwatan zagaye, kana jira ka ƙirga goma bayan kowace juyawa. Kunne ke wannan aiki. Akwai inda kukan zai fi tashi ya kuma daidaita. Ka wuce shi zai soma raurawa, ka dawo baya shi ma haka. Tsaya a tsakiya, sannan ka sauke silo zuwa wajen juyi 1,400 a minti, ko in ba ka da agogon, inda yake bugawa a natse ba ya neman mutuwa. Wurin matsattse ne kuma kusa da zafi. Ni guntun sukudireba na yanke don wannan, bayan na ƙona bayan hannu sau biyu.

Murɗa totur ka saki. In kukan ya maƙale a sama kafin ya sauko, mai ya yi kaɗan. In ya faɗo ƙasa da silo kamar zai mutu sannan ya farfaɗo, ya yi yawa. Idan sai da ka kwance sukurun mai fiye da zagaye uku kafin ya yi daɗi, ƙaramin jet ɗin ya yi maka ƙanƙanta, sa na gaba da shi.

Allura kuwa sai a kan titi. Ni hanyar Wamakko nake bi in gari ya waye sosai kafin motoci su yi yawa. Riƙe totur a rabi a giya ta uku ko ta huɗu. In yana fizga yana saki kamar mai jin ƙishi, mai ya yi kaɗan. In yana gurnani da nauyi, salansa na warin ɗanyen fetur, ya yi yawa. Kwance murfin sama ka zaro fistin, za ka ga allurar da tsagi biyar da ɗan kilif, galibi a na tsakiya. Ka sauke kilif ƙasa, allura ta ɗagu, mai ya ƙaru. Ka hau da shi sama, mai ya ragu. Tsagi ɗaya kawai a kowane gwaji. Kuma ka cire kilif ɗin hannunka na cikin leda, don in ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayin Sakkwato, sai dai ka yi masa addu'a.

Dattijon nan abu guda ya hana ni: canza biyu a lokaci ɗaya. Ya ce in ya gyaru ba ka san wanda ya gyara ba, in ya ɓaci ma haka. Na sayi littafin 'yan makaranta ina rubuta kowane canji da abin da na ji.

Babban jet shi ne na ƙarshe a wurina, don ba kullum nake kai totur ƙarshe ba. A miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a, hular kwano a kai, ka kai shi ƙarshe a babbar giya, sannan ka sassauta kaɗan. In ya ƙara ja da ka sassauta, jet ɗin ya yi ƙanƙanta. Don ka tabbatar, riƙe shi a ƙarshe na ɗan lokaci, ka kama kuloci ka kashe makulli tare, ka gangara gefe, ka kwance fulogi da tsumma. Ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara, daidai ne. Baƙi mai gawayi, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, wannan baƙin mai ne, zobe za ka duba. Fari fat kuwa, maza ka ƙara lamba. Injin nan iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba, kuma ƙarancin mai zafi yake ƙara masa. A ranar Afrilu yana iya huda fistin. In dai zan karkata, gara in karkata wajen yawan mai.

Lissafin masana, fetur na ƙonewa tsaf idan nauyin iska ya ninka nasa sau 14.7. Matsalarmu a nan ita ce iskar kanta ba ta zama ɗaya. Tsakanin asubar hunturu mai maki 15 da azahar ɗin bazara mai maki 43, iska na rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, alhali jet na ba da man da ya saba. Mashin ɗin da aka saita a watan Janairu zai yi nauyi a Afrilu, wanda aka saita a Afrilu kuma zai riƙa tari da safe in sanyi ya shigo. Ban cika taɓa jet saboda wannan ba. Idan zafi ya kama, nakan ɗaure sukurun mai kamar kwatan zagaye. In iskar hunturu ta fara kaɗawa, in mayar da shi, in kuma riƙa wanke soso kowane mako biyu, don toshewarsa ma yawan mai take kawowa.

A littafina, shafin ƙarshe ya nuna kilif a tsagi na uku, sukuru zagaye biyu ba kwata a hunturu. Da wannan saiti na je Illela na dawo. Da na biya wajen dattijon, bai ce in ba shi labari ba. Ya buga kik sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare, ya murɗa ya saki, sannan ya miƙo mini makulli ya ce sarƙa ta yi sako-sako.