Yadda za ka shirya kanka kafin Jibin Ubangiji

'Yan'uwa, da yawanmu sai mun shiga majami'a mun hango tebur an lulluɓe da farin ƙyalle sannan mu tuna ashe yau akwai Jibi, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. Bulus kuwa a 1 Korintiyawa 11:28 cewa ya yi kowa ya fara gwada kansa tukuna kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon, to wannan gwajin fa ba na minti biyu ba ne lokacin da dattawa ke zagayawa da faranti.

Fara tun daren Jumma'a. Ajiye waya, ka buɗe Littafin Firistoci sura 16 ka ga yadda ake yi a Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara, bunsuru biyu, a yanka ɗaya a shiga da jininsa wuri mafi tsarki, ɗayan kuma babban firist ya ɗora masa hannu ya furta laifofin jama'a a kansa a kora shi jeji. Daga nan ka tsallaka Yohanna 1:29 inda Yohanna Mai Baftisma ya nuna Yesu ya kira shi Ɗan Rago na Allah mai ɗauke zunubin duniya. In ka karanta su a jere za ka gane me ake nufi da fansa, an riga an biya, ba kai za ka biya da azumi ko baiko mai kauri ba.

Sai furci. Kar ka tsaya a "Ubangiji ka gafarta mini dukkan zunubaina" ka wuce, kira abin da sunansa, ƙaryar da ka yi wa maigidanka, mudun da ka tauye a kasuwa, gulmar bayan taron Zumuntar Mata. Alkawarin gafara da ke 1 Yohanna 1:9 na wanda ya furta ne.

Asabar ita ce mai wuya, ni kam nan na fi shan fama. Matiyu 5:23-24 ya ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana da kai, ka bar baikon a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Akwai wata 'yar'uwa da muka yi wata takwas ba ma gaisawa a kan kuɗin adashe, benci ɗaya muke zama amma kowa na kallon gabansa, ranar da na taka har gidanta na same ta tana tankaɗe, na ce Mama na yi miki laifi, ta ajiye rariya muka yi ta kuka. In kuɗi ne ka mayar, Zakka ma, mai karɓar harajin nan da ya tuba a gaban Yesu, ninki huɗu ya ce zai mayar. In kai aka cuta, ka yafe, tuna bawan nan na Matiyu 18 da aka yafe masa ƙaton bashi na talanti 10,000 ya fita ya shaƙe wuyan wanda yake bi dinari 100 kacal.

Ranar Lahadi ka zo da wuri, ka karɓa da godiya ba da fargaba ba. Kutare 10 Yesu ya warkar, ɗaya ne kawai ya dawo ya yi godiya, shi ma Basamariye, ba Bayahude ba. Kafin ka bar harabar coci ka zaɓi abu ɗaya da za ka yi a satin, ko kwanon masara ne ka kai wa gwauruwar layinku, ko ka leƙa mara lafiya a asibiti, ka sa masa rana.