Yadda ake binciken zuciya kafin barci

Waliyyi Ignatius na Loyola, wani fada (limamin cocin Katolika), shi ne ya koyar da wannan addu'a, minti 15 ya isa.

Da farko ajiye waya nesa, yi alamar gicciye, ka gode wa Allah kan abu ɗaya, ko da ruwan sanyin da aka miƙo maka da rana ne.

Sai ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya haska maka.

To nan aikin yake, bi ranar tun daga tashinka, ina ka yi haƙuri, ina ka daka wa yaro tsawa don kawai ka gaji, wa ka wuce ba gaisuwa, don Allah kar ka yi sauri anan.

Nemi gafara, in zunubin babba ne je wurin fada ka furta.

Zaɓi hali ɗaya da zaka gyara gobe, ka rufe da addu'ar Ubanmu.