Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran wuta da giyar tsohuwar Hilux

Mota ta ƙi tashi, ana murɗa makulli sai "ƙas-ƙas", nan take a ce batir ya mutu ko kik ya ƙone. Sau da yawa duka biyun lafiyarsu ƙalau. A fara da kan batir: farin garin nan da ke taruwa a kai yana tare wuta. A kwance, a wanke da ruwan zafi, a goge da samfefa har ƙarfen ya yi haske, a ɗaure tamau, a shafa giris. Daga nan a bi wayar nagetif zuwa inda ta kama jikin mota da inji. Tsohuwar akori-kura da ta sha ruwa da ƙura, wurin nan ne tsatsa ke fara ci. Alamarsa, fitila ta dushe idan an taka birki, ko sigina ta riƙa kunna wata fitilar daban.

A sa mitar auna wuta kafin a sayi komai. Batir mai cikakken caji yana nuna bolt 12.6 idan mota na kashe. Lokacin tayarwa kada ya sauka ƙasa da 9.6. Inji na aiki kuwa, a ga 13.8 zuwa 14.5. In bai kai ba, a taɓa fambel tukuna, domin idan ya saki, altaneta ba za ta yi caji sosai ba.

Akwai gwajin da ya kamata masu rewaya su daina: cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu, wai a gane ko altaneta na caji. Wutar da ke tashi a wannan lokacin tana ƙona dayod ɗin altaneta, a mota mai kwamfuta kuma har ita tana iya tafiya. Haka naɗa waya a gurbin fiyus. Fiyus mai amfiya 10 in ya tsinke, sau da yawa wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe. A nemo ta, a naɗe, a mayar da mai 10 ɗin. Wanda ya sa mai 30, wayoyin bayan dashbod ne za su narke.

Ɓangaren giya nan ne aka fi asarar kuɗi. Giya ta yi tauri, sai a sauke giyabos. Gwajin minti ɗaya ya isa ya raba gardama: a kashe inji a shiga kowace giya. Idan suna shiga sumul, amma da an tayar sai gurza, musamman ribas, to kuloci ne ba ya saki. A duba man kuloci a ɗan kofinsa, man birki DOT 3 yake sha. A leƙa bayan feda da jikin silindar kuloci ta ƙasa da ke jikin giyabos, in akwai jiƙa to roba ta mutu. A canza, a fitar da iska. Wasan feda ya kasance milimita 5 zuwa 15.

Wajen canza man giya, a fara kwance murfin zubawa na gefe kafin na tsiyayewa. In aka tsiyaye sannan na gefen ya ƙi buɗuwa, mota ta kwana a gareji. A zuba 75W-90 mai lambar GL-4 har ya fara dawowa ta bakin ramin, motar tana tsaye a wuri mai daidai. A kuma kalli murfin ƙasan: laushin garin ƙarfe ba komai, amma gutsattsari masu kama da tsakuwa na nufin haƙori ko boris ya fara karyewa.

Giya mai fita da kanta a kan hanya kuwa, a duba robar gindin sandar giya da robobin da ke riƙe inji da giyabos kafin a taɓa cikinta.