Yadda Ake Haɗa Bargon Ƙyallaye Mai Gida Tara

Ƙyallayen atamfar da tela ke sharewa bayan ɗinkin Sallah, kada ki bari a zubar. Da su nake ɗinka barguna, yanzu haka uku ne a hannuna, ɗaya saura naɗin baki kawai.

Da farko ki wanke ƙyallayen, domin wata atamfar tana zuba, sannan ki goge su. Ki yanko kwali inci 4 kowane gefe, ki riƙa ɗora shi kina zanawa da alli kina yankawa: biyar masu duhu, huɗu masu haske. Ki jera su uku-uku, duhu kusa da haske.

Sai ɗinki. Ki haɗa biyu fuska da fuska, ki bar rubu'in inci a baki. Nan fa aikin yake, 'yar'uwa. In bakin ya ɗara ko da kaɗan ne, kusurwoyin ba za su haɗu ba, dole ki farke. Kowane layi kika gama, ki kwantar da bakin ɗinkin da dutsen guga zuwa ɓangaren mai duhu, kada ya nuna ta gaba.

Ki haɗa layukan uku, babban gida ɗaya mai ƙananan gidaje tara ya fito, inci 11 kowane gefe. In gidajen sun ishe ki, ki haɗe su, ki sa tsohon bargo a tsakiya, zani a baya, ki bi da ɗinki ki naɗe baki.