Kurakuran da muke yi da shara mai guba a wuraren sana'armu a Legas

Duk wanda ya ratsa layin gareji a Agege ko Alaba Rago bayan an ɗauke ruwan sama ya ga yadda kwata ke sheƙi da baƙin mai. Kuskuren da ya fi yawa ke nan: a juye man inji, a tuttular a kwata, wai ruwa zai tafi da shi. Ya kai shi ina? Legas a kan ruwa take zaune, rijiyoyinta ba zurfi, abin da ka zubar yau yana iya ɓullowa a rijiyar maƙwabcinka. A tanadi duro mai murfi, a ajiye shi a inuwa kan daɓen siminti, kuma kada a gauraya man da fetur, don yana iya jawo gobara.

Batun tsohon batir ne ya fi tsaya mini a rai. 'Yan uwanmu masu harkar gwangwan sukan fasa shi da guduma, su tsiyaye ruwan a ƙasa, su kwashi dalmar. Ruwan nan asid ne, yana cin fata, yana makantarwa. Ita kuwa dalma ba ta yi maka ciwo nan take. Ƙurarta ce ke maƙalewa a riga da farce, ka koma gida da ita, ka ɗauki ɗanka, ka sa hannu a kwano ɗaya da shi. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta hallaka yara aƙalla 400 a 2010. Don Allah a sayar da batir yadda yake, a tsaye, ba a fasa ba. Kayan aiki su kwana a wurin aiki, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Haka ƙona wayar wuta don a fitar da jan ƙarfe. Hayaƙin robar guba ne ga huhu. A feɗe ta da wuƙa, ko da za a daɗe.

Jarkar da ta taɓa ɗaukar sinadari ko maganin ƙwari ba ta komawa ta ruwan sha ko ta alwala, komai wankin da aka yi mata. A huda ta kafin a rabu da ita, kada wani ya tsinta.

Masu kemis da ƙananan asibitoci, allurar da kuka cusa a leda hannun ɗan bola take jira, kuma galibi yaronmu ne. A jefa ta a akwatin allura na kwali, a yi rajista da LAWMA, hukumar kwasar shara ta Legas, tana da sashen kwasar sharar asibiti. Maganin da ya wuce wa'adi kuma a tuntuɓi NAFDAC a kansa.

Wani kuskuren kuma shi ne miƙa irin wannan shara ga duk wanda ya zo da baro ya ce zai kwashe. Ba ka san inda zai juye ta ba, alhakin kuma yana wuyanka. Tun 1988, lokacin da aka jibge gubar da aka kwaso daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yanzu, Najeriya ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai guba ba bisa ƙa'ida ba, ga kuma LASEPA, hukumar kare muhalli ta Legas, da ke garƙame wuraren sana'a. Ka je ofishinta a Alausa, Ikeja, ka nemi sunayen waɗanda ta amince su kwashi irin shararka. Duk ranar da aka kwasa ka karɓi rasit, ka rubuta kwanan wata da yawan kayan a littafin shago.